Ƙwarya Ɗaya Muke Sha a Jiratawa

Ranar da aka shigo da faranti mai ramuka cikin majami'armu ta Sabon Gari a Maradi, kowane rami da ɗan kofin roba zaune a cikinsa, ido kawai na zuba. Ni dama ba mai saurin baki ba ne. Fasto ya tsaya ya yi bayani a hankali. Ya ce tun ciwon nan da ya sa duniya ta rufe hanci da ƙyalle likitoci suka ja kunne a kan shan abu da baki ɗaya, ga shi kuma mun yi yawa, in aka ce ƙwarya ɗaya ce za ta zaga mu ranar Jibin Ubangiji sai la'asar ta riske mu a zaune. Babu ƙarya cikin maganarsa, mutum ne mai ilimi da tsoron Allah. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ajiyar zuciyar da na ji ta tashi daga bencin da nake da na bayana. Na san ajiyar zuciyar mai tsoron tari. Na kuma san ta mutumin da aka sauke wa nauyin karɓar abu daga hannun wanda bai yarda da shi ba. Wadda na ji ran nan ta biyun ce. Ban yarda da ita ba, har yau kuma ban yarda ba.

Mu da ƙwarya muka saba. Ba babba ba ce, ta yi duhu don tsufa, da ɗinki a gefe ɗaya inda ta taɓa tsagewa. Iya, tsohuwar da ke share mana ɗakin addu'a a Jiratawa, ita ke rataye ta cikin ragaya. Ba a shan fura da ita, ba a aron ta ko da biki. Ranar Asabar Iya takan jiƙa zoɓo, ta tace da farin tsumma, ta sa sukari kaɗan, don ta ce ba shagali aka zo ba. Burodi kuwa duk wanda ya kai kaya kasuwar Maradi shi ke sayowa. Ɗakin na ƙasa ne, rufinsa rabi kwano rabi kara, ƙararrawarmu kuma ƙarfen ƙafar mota ne rataye a jikin dogon yaro. Maza a tabarmar dama, mata a ta hagu. Ƙwarya takan tashi daga hannun Malam, mai bisharar da ke kula da mu, kowa ya karɓa da hannu biyu daga na kusa da shi, ya kurɓa, ya share bakinta da babban yatsa, ya miƙa gaba. Ba a ajiye ta ƙasa. Dokar ke nan, daga hannu sai hannu. Shi ya sa duk makon da Jibi ke gabatowa za ka ga Malam da sandarsa yana bin gidaje, yana tambaya ko akwai waɗanda ba sa ga maciji da juna. Yakan ce wanda ya ƙi gaisuwar ɗan'uwansa ranar Talata, da wane hannu zai karɓi ƙwarya ranar Lahadi? A makon nan ne ake mayar da gatarin da aka ara aka yi shiru, a biya ɓarnar akuya, mata su koma ɗaukar wuta a murhun juna.

Ni ba a cikin wannan aka haife ni ba. Gidanmu a wani ƙauye yake bayan Tsibiri, gidan anna, masu yanka baƙin bunsuru ga kan gida kafin a taɓa sabon gero. Ubana mutum ne mai gaskiya, ban taɓa jin ya cuci wani ba, amma an san shi da sanin itatuwa da abin da ake binnewa a bakin gona don tsari. Da na zama saurayi, rani ya yi, na bi abokai zuwa Jiratawa ƙwadago, don can ne ruwa ke gudu cikin kanal, magudanar ban ruwa, lokacin da ko'ina ya bushe. Na rasa wurin kwana, Malam ya ba ni zaurensa. Bai taɓa matsa mini ba. Waƙarsu ta safe na riƙa ji ta kan katanga, har na fara bin ta da baki, daga baki ta gangara ciki. Da labari ya kai gida cewa an yi mini baftisma, ubana bai yi faɗa ba. Ya ce da uwata kawai ta cire akushina daga cikin na maza. Tun daga ranar ba ni da wani gida sai ɗakin nan mai rabin kwano, ba ni da dangi sai mutanen da ke zama kan tabarmin nan biyu.

Aikin ban ruwa a wajen Baba Mai Tattasai na koye shi. Dattijo ne cikin ikilisiya, gonarsa tana jikin wadda nake yi wa aiki, ta wani Alhaji ɗan kasuwa na Maradi mai motocin kaya. Kanal ɗaya muke sha. Da sassafe, ladan na sauka daga kiran salla, za ka ji injin rijiya ya fara gurnani, sai ruwa ya taho yana tura busasshen ganye a gabansa. Kai kuma kana tsaye da hauya, ka buɗe bakin fangali, ka jira ya ƙoshi, ka toshe da laka, ka buɗe na gaba. Sanyin laka tsakanin yatsun ƙafa, ƙamshin zogalen da mata ke tsinka, ƙarar amalanke da kukan jakuna sun nufi birni, luguden daka yana tasowa daga cikin gari. Yaran yanzu suna riƙe da wayar salula a hannu ɗaya suna ban ruwa da ɗayan. Mu kunne muke bai wa ruwa, daga sauyin ƙararsa kake sanin fangali ya cika. Malam ma da wannan yake koya mana. Yakan ce zunubi ba ambaliya ba ne, yoyo ne, ɗan ramin da ka gani da safe ka ce sai an jima, da azahar ya kwashe maka dashe. Baba kuwa da faɗa ya koya mini komai. Mutum ne mai zafi, mai yawan addu'a, mai dogon tunawa. Wata rana na yi sakaci ruwan Alhaji ya ɓalle ya shiga gonarsa ya kwantar masa da dashe. Ya wanke ni tas gaban mutane, har ya ce abin da aka haifa a gidan tsafi sai a hankali. Na ba shi haƙuri, na gyara ɓarnar, na ɗauka magana ta wuce.

Ba a daɗe ba tattasansa ya fara yaushi. Da safe ganye a miƙe, rana na ɗagawa sai ya sunkuya kamar an watsa masa ruwan zafi, layi bayan layi. Na Alhaji da ke hannuna kuwa kore shar. Baba ya ƙara taki, ya rage ruwa, ya ƙara ruwa, ya yi azumi, abin bai tsaya ba. Sai wata safiya yana gyaran bakin kanal, daidai iyakar gonakin biyu, hauyarsa ta tono ƙahon bunsuru, an cushe shi da gashi da wani baƙin gari, an naɗe bakin da jan zare. Ina tsaye ba nisa. Bai kira ni ba. Ya ɗaga shi da bakin hauya, ya dube shi, ya dube ni, ya dubi koren gonar Alhaji. Na san irin ƙahon, na sha ganin irinsa a hannun ubana. Abin da ban sani ba shi ne wanda ya binne wannan.

Ba wanda ya zo ya tambaye ni. Da an tambaye ni da na ji sauƙi. A ƙofar ɗakin addu'a akwai randa da moɗa guda, kowa da ita yake sha. Wata Lahadi na miƙa hannu, sai matar Baba ta riga ni, ta ɗauko gwangwanin tumatir da aka wanke ta ɗebo mini a ciki, tana murmushi, ta ce moɗar ce ta yi datti. Na sha. Na ga an rataye gwangwanin a ƙusa dabam. Gidajen da ke aiko mini da tuwo suka riƙa mantawa. In na yi sallama inda ake hira sai zance ya koma kan albasa. Har Alhaji labarin ya kai masa. Ya zo duba gona, ya ja ni gefe, ya ce kada in damu da bakin mutane, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na ji sanyi a raina. Sai ya rage murya ya ƙara da cewa, in dai da gaske na gaji wani abu a gida, yana da wata gonar da tsuntsu ya dama, ba laifi in leƙa ta. Na tsaya ina kallon ƙurar motarsa. Mai ƙina da mai sona duka abu ɗaya suka ɗauke ni.

Addu'ar Laraba ce ta fi ciwo. Al'adarmu ce da yamma, bayan an taso daga gona, a zauna kowa ya yi addu'a da murya bi da bi, saura su ce amin. Da layi ya zo kan Baba sai ya durƙusa, ya fara da godiya kamar kullum, sannan murya ta sauya. Ya roƙi Ubangiji ya tona asirin kurar da ta shigo garke da fatar akuya. Ya roƙa a busar da hannun da ya yi haƙa a gonar bayin Allah yadda tattasai ya bushe. Ya tuna wa Allah, kamar Allah ya manta, cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idona a rufe yake, amma ina jin idanun da ba a rufe ba. Ga amin na tahowa, ni kuma na rasa yadda zan yi da nawa. In na yi shiru a ce ya ji tsoro. In na ɗaga murya a ce dubi ƙarfin halin mai laifi. Na faɗe shi tsaka-tsaki, har yau ban san yadda ya fita ba.

Malam bai ce amin ba. Ya bari kowa ya buɗe ido.

"Dattijo, da wa kake magana yanzu?"

Baba ya ce da Ubangiji yake.

"To Ubangiji ba ya bukatar habaici, ya san sunan kowa. In da mutum kake, ga ƙofa can, ku fita ku yi ta ido buɗe."

Sannan ya juyo gare mu duka. Ya ce addu'a ba baka da kibiya ba ce. Ya ce Littafi Mai Tsarki ya tsara hanya: wanda ke da magana da ɗan'uwansa ya fara samunsa shi kaɗai, in bai ji ba ya koma da shaidu, ba a fara da taro. Ya ce mai addu'a don mutane su ji, mutanen ne suka ji shi, ladansa ya ƙare a nan. Ya tuna mana cewa kullum da bakinmu muke roƙon a gafarta mana yadda muke gafarta wa wasu, mu yi hattara kada a amsa mana daidai. Baba ya ce shi dai bai ambaci sunan kowa ba. Iya daga tabarmar mata ta ce ai ko makaho ya ga inda aka nuna. Wasu suka yi dariya a ciki, Baba ya tashi ya fita da takalmansa a hannu.

Ni kuwa ko da Malam ban saki jiki ba. Ban iya karatu ba a lokacin. In ya ɗaga Littafi ya ce haka aka rubuta, sai in ce a raina, ko don ina kwana a zaurensa ne yake ƙago magana ya tsare ni? Ko kuwa lallashina yake in saki baki in amsa laifi? Zato in ya shiga gari ba ya zaɓen gida.

Cikin wannan hali uwata ta zo. Tun daga bayan Tsibiri ta taso, ta ratsa Maradi, da furarta a ka. Ta same ni a bakin kanal. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta zauna ta dama, ta miƙo mini ludayi, ta ce labari ya kai musu.

"Ɗan nan, ko da sabulun birni ka yi wanka warin gidanmu za su ji. Taho gida. Ubanka bai ce komai ba, amma na ga ya sa an wanke akushin."

Na tambaye ta wa ya kai labarin. Ta ce ƙanen ubana, da ya zo Jiratawa sayen irin albasa kwanakin baya. Ban san ya zo ba. Bai neme ni ba. Na riƙe ludayin ina kallonta, ita tana kallon ruwa. Ƙanen uban nan nawa ya iya naɗin jan zare, kuma ya fi kowa jin haushin fitata daga gida. Amma haka ma wanda ya riƙe gonar kafin Baba zai iya binne tsarinsa ya manta. Haka ma mutane da yawa a kwarin nan, masu zuwa masallaci da masu zuwa majami'a, in tattasai ya yi daraja kowa na neman abin dogara a ɓoye. Ƙahon zai iya zama na jiya, zai iya zama ya daɗe a ƙasa. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta ƙara ba. Na ce ta ba ni zuwa Lahadi. Lahadin nan ita ce ta Jibi. Na yanke a raina, in aka kawo mini gwangwani a madadin ƙwarya, ko aka ƙi karɓa daga hannuna, zan naɗe tabarmata in koma ga akushina.

A makon Malam ya yi zagayensa. Ya shiga gidan Baba, ya daɗe, ya fito fuskarsa ba labari. Ranar Asabar ya same ni ina wasa hauya a ƙofar zaure, ya tambaye ni kai tsaye ko ni na binne. Shi kaɗai ne ya taɓa tambayata. Na ce a'a. Ya ce Allah ya ji, shi ma ya ji. Sai ya ɗora mini aiki: kada in roƙi Allah ya kunyata Baba, in roƙa gonarsa ta tashi. Na yi, amma na gaya masa bakina ne kawai ya yi, zuciyata tana baya tana jan ƙafa. Ya ce in bar ta ta ja, jaki ma a hankali yake isa kasuwa.

Ran Lahadi aka buga ƙarfe. Malam ya nuna mini wurin zama, sannan ya kama hannun Baba ya zaunar da shi a damana, wato daga hannuna zai karɓa. Aka yi waƙa, aka gutsura burodi. Burodi ba wuya, kowa na ɗaukar nasa a faifai. Malam ya ɗaga ƙwarya, ya tuna mana da wanda ya ba da jininsa domin masu zunubi, ya ce kowa ya gwada kansa kafin ya sha, kansa, ba maƙwabcinsa ba. Ƙwarya ta taso. Ta iso gare ni da ɗumin hannuwan da suka riƙe ta. Na kurɓa, tsamin zoɓo ya kama mini haƙora, na share da yatsa, na juya dama na miƙa da hannu biyu.

Hannuwan Baba na kan gwiwoyinsa. Bai ɗaga su ba. Ba a ajiye ƙwarya ƙasa, don haka na ci gaba da riƙo. Ina jin injin rijiya can nesa, ina jin kaza na tono a bayan ɗaki. Malam ya sunkuyar da kai, bai taimaki kowa ba. Na hango akushina a zuci, wankakke, a kife yana jira. Sai muryar Iya ta fito daga tabarmar mata, ba da ƙarfi ba, kamar mai magana da jikanta.

"Baban yara, ƙwaryar nan ni na wanke ta, amma ba tawa ba ce. Ba ta yaron nan ba ce, ba taka ba ce. In Mai ita bai isa ya tsare ka ba, tashi ka ba mutane wuri."

Baba ya ɗaga hannu. Ya karɓa, yatsunsa ba su taɓa nawa ba. Ya dubi inda na sa baki, ya juya ƙwaryar a hankali, gaban kowa, har wurin ya koma can ɗaya gefen, sannan ya kurɓa. Ya share, ya miƙa gaba.

Da aka tashi ya same ni gindin dogon yaro ina neman takalmina.

"Kada ka ɗauka na wanke ka," in ji shi. "Na sha ne don na fi tsoron Mai ƙwaryar a kan ƙahonka."

Na ce na gode, Baba. Ya ce ba godiya ya nema ba, in je in duba fangalin Alhaji na ƙarshe, ya ga yana yoyo. Na je na toshe. Washegari na aika wa uwata da goro da saƙon cewa ba zan zo ba, na san kuma an sake ɗauke akushin.

Daga baya wani malamin aikin gona ya zo, ya tuge tattasai guda, ya nuna mana ƙulle-ƙulle a saiwa, ya ce tsutsa ce. Rani mai zuwa ciwon ya shiga gonaki da yawa, har da ta Alhaji. Baba ya ce ai tsutsa ma ana aiko ta. Iya ta cire gwangwanin daga ƙusa ta mai da shi na kwasar toka, ba wanda ya ce don me. Kowane Jibi Malam na zaunar da mu haka, kowane Jibi Baba na juya ƙwarya. Amma ni mai kallon ruwa ne, na iya lura da abin da ke raguwa a hankali. Juyin ya riƙa gajarta. Daga rabi ya koma kwata, daga kwata ya koma ɗan karkatarwa. Har wata Lahadi, bayan na yi aure na fara tara iyali, ya karɓa ya sha daidai inda na sha. Ban sani ba ko mantuwa ce ko niyya. Bai faɗa ba, ban tambaya ba, daga ranar dai bai ƙara juyawa ba. Ya rasu bai ce mini ya yarda da ni ba, ni ma har yau ban san wanda ya binne ƙahon ba.

Furfura ta fara fito mini kafin in zauna a ajin karatun manya a nan Maradi, bayan na bar gona na koma sayar da kayan miya. Da na iya haɗa baƙi, abin da na fara nema cikin Littafi Mai Tsarki shi ne maganganun Malam, don tsohon zaton nan nawa bai mutu ba. Da yatsa nake bi, in yi layi in huta. Na same su. Zuwa wurin ɗan'uwa a keɓe yana nan. Barin baikon da za a miƙa wa Allah a je a shirya da ɗan'uwa tukuna yana nan. Yin addu'a domin wanda ya tsananta maka yana nan. Bai ƙara ko gishiri ba, Allah ya ji ƙansa. Na kuma tarar da kukan mutanen dā masu ɓacin rai, wasu da zafinsu ya kai na Baba, shi ya sa ba na ganin baƙinsa sosai. Mutum ne da gonarsa ke mutuwa a gabansa, ga iyali.

Yanzu addu'a ta yi yawa, ta kuma yi ƙara. Akwai lasifika, akwai masu addu'a ta salula da ba ka taɓa ganin fuskarsu ba, ka faɗa musu ciwonka su ce maƙiyinka na cin tuwo tare da kai. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce tsutsa ce a saiwa ba. Ban ce duka maƙaryata ne ba, amma ina mamakin yadda wahayinsu kullum ke sauka kan ɗan'uwa, bai taɓa sauka kan mai tambayar ba. A majami'armu akwai wani mai gyaran babur, mutum shiru-shiru, shi da wansa gida ɗaya. Matar wan ta daɗe tana ciwo, asibiti ba a gane kan abin ba, aka buga wa ɗaya daga cikin irin mutanen nan, ya ce hannu ne na cikin gida. Ba a ambaci suna ba. Ba a taɓa ambata. Sai dai benci ya fara faɗi a gefen mai gyaran babur, ranar addu'a kuma na ji ana roƙon wuta a kan duk wanda ya san kansa, jama'a na amsa amin da ƙarfi. Da ƙwarya ce, da dole wani ya bi gidan nan da sanda kafin Lahadi, don wani zai karɓa daga hannun wani. Da kofuna ba dole. Kowa ya ɗauki nasa, ya sha tsaf, ya koma gida da zatonsa ba a taɓa masa shi ba. Gwangwanin da aka ba ni ni kaɗai, yau kowa an ba shi nasa, har ana godiya.

Jibin da ya wuce na bar wurin da na saba, na je na zauna kusa da shi. Ba don na san ba shi da laifi ba. Ban sani ba. Fuskarsa ba ta sakin mutum, na kuma taɓa kai masa babur ɗin ɗana ya dawo da wata ƙarar da bai je da ita ba. Da mai faranti ya iso kanmu sai na bar hannuwana kan gwiwa.

"Ɗauko mini," na ce.

Ya dube ni. "Baba, ba ka ji abin da ake faɗi ba?"

"Na ji, kunnena lafiya lau. Miƙo, mutane na jira."

Ya ɗauko da yatsu biyu masu baƙin mai a ƙarƙashin farce, ya miƙo, har zoɓon ya ɗiga a wandona. Na karɓa da hannu biyu yadda aka koya mana. Sai na kama kaina ina duban kofin, ina neman gefen da bai taɓa ba. Ɗan mitsitsi ne, duk inda ka juya shi yatsunsa sun riga ka. Sai na sha.